Mu Biyu Muka Shiga Kontenar Dokta Balkisa

Jama'a, ni mai gyaran firigo ne, wato firiji da sauran injinan sanyi, ba malami ba ne, ba kuma gwanin ba da labari ba, saboda haka in kun ga maganata tana karkacewa ku yi haƙuri da ni. Abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, a garin Gaya na bakin iyaka, yau shekara takwas ke nan ko tara, kuma na rantse da Wanda raina ke hannunSa ban ƙara masa gishiri ba. Da ina da ikon ragewa ma da na rage, don akwai laifina dumu-dumu a ciki.

A lokacin ina da rumfa a kan hanyar da ke gangarawa gada, wadda in ka haye ta ka faɗa Malanbil. Masu kifi su ne mutanena, da masu sayar da ƙanƙara, da direbobin da ke ɗauko daskararrun kaji daga Kwatano. Duk wani abu mai sanyi a garin nan sai da ya bi ta hannuna, har kaina ya kumbura, ina ganin babu ɗan Adam ɗin da zai koya mini wani abu game da sanyi. To, ashe da sauran karatu.

Tsakiyar bazara ne, irin zafin Gaya mai haɗe da danshin kogi, wanda ko wanka ka yi kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Wata mata ta tsaya bakin rumfata, 'yar siririya mai tabarau, Hausarta ta Damagaram ce sak, ta ce sunanta Dokta Balkisa, kuma an ce mata ni ne mai firigon da ba ya satar gas. Na ce to an fara da yabo, Allah Ya sa a ƙare da shi. Ta yi dariya. Mace ce mai surutu, ba ta gajiya da bayani ko ka gane ko ba ka gane ba.

Ma'aikaciyar wata cibiyar bincike ce, ba zan kama sunanta ba. Sun yi odar wani ɗakin gwaji da aka haɗa shi cikin kontena, an ɗauko shi daga tashar jirgin ruwa za a wuce da shi Yamai, sai kamiyon, wato babbar motar da ta ɗauko shi, ya lalace daidai Gaya, aka tura shi cikin filin ajiye motoci na wani Alhaji ana jiran kayan gyara. Ita kuwa tana riƙe da wani baƙin dutse, bai kai dunƙulen hannu ba, wanda ya faɗo daga sama cikin wata gona wajen Bengu. Ta ce mai gonar ko kusa da shi ya ƙi zuwa, wai sai Sorkawa sun zo sun zuba masa madara kamar yadda ake yi wa abin da aradu ta faɗa wa, ita kuwa ta sa safar hannu ta ɗauke abinta. Damuwarta ita ce kullum dutsen yana shan danshin garin, kuma hakan na ɓata abin da take son gani a jikinsa. Shi ya sa ta yanke shawarar fara aikinta a nan inda kontenar take. Tana neman wanda zai kula mata da gurup, wato injin wuta, da kilima mai sanyaya ɗaki, ni kuwa na ce na shirya.

Bari in gwada faɗa muku aikin yadda na fahimce shi. Akwai wata tukunyar ƙarfe mai 'yar taga ta gilashi. Sai ta ɓantari 'yar ƙwayar dutsen ta sa a ciki, a rufe gam, inji ya zuƙe iskar da ke ciki tas. Daga nan sai a ɗura wa jikin tukunyar ruwan azot, wani ruwa ne da ake kawo mata cikin tulun ƙarfe, fari kamar ruwan sha amma yana tafasa da kansa yana hayaƙi saboda tsabar sanyi, kusan digiri ɗari biyu ƙasa da sifiri. Ni da nake taƙama da firigon kifi, ranar da ta tsoma ganyen mangwaro a ciki ta murje shi ya zama gari, sai na kama bakina. In dutsen ya yi sanyi sai a haska shi ta tagar nan, hasken da ya dawo na'ura ta tsattsage shi, ta zana wani layi a fuskar odinater, wato kwamfuta, mai tudu da kwari. Ta ce kowane abu da nasa kwarin, ƙanƙara da nata, gishiri da nasa, kamar yadda ake gane Bakabe da Ba'are da tsagar fuska. Wai a can nesa da rana haka sanyin yake, to in suka san zanen a nan, sai su gane abin da ke jikin duniyoyin da suke hange ba tare da sun je ba.

Doka ɗaya ta kafa mini tun ranar farko, ta kuma maimaita ta har na gaji. In ana ɗura azot, ƙofa a buɗe take zama. Ta ce hayaƙin ba shi da wari ba shi da ɗaci, amma yana korar iskar da mutum ke shaƙa, sai dai ka ji barci mai daɗi ya ɗauke ka, shi ke nan. Da hannunta ta samo rabin bulo ta tokare ƙofar. Ita ƙofar kuwa irin ta ɗakin sanyi ce, mai kauri, da ta koma sai ta kama kanta, kuma maɓallin da ake turawa daga ciki ya karye tun a hanya. Ni na gano haka, ni na ce zan gyara, kullum ina gobe.

To ku da ba masu firigo ba ba za ku gane ba, amma mu babu abin da ke tayar mana da hankali kamar mu ga kilima na aiki ƙofa a wangale. Tun ina yaro maigidana ya koya mini rufe ƙofa da mari. Kwana shida ina kallon bulon nan ina haɗiye haushi.

Rana ta bakwai Juma'a ce. Filin Alhajin yana jikin wani masallaci, har sahu kan fito ya cika titi, shi ya sa aka yi yarjejeniya cewa in an fara huɗuba za a kashe gurup don kada ƙararsa ta hana mutane ji. Na'urorin Dokta suna da batirin da ke riƙe su na wannan awar. Gardin filin, wato mai gadi, wani dattijo Baba Hamani, shi zai kashe in ya ga mun rufe mun fita, ya sa wa ƙofar fili kwaɗo ya tafi salla. Ranar na riga na yi alwala, Dokta ta ce in taimaka mata mu ƙara azot, minti goma ne, sai in wuce masallaci ita kuma ta tafi masauki. Na shiga, ina riƙe mata tiyo, zafi na bugo mini ƙeya ta ƙofa, kilima na nishi kamar za ta mutu. Wallahi ban ma yi shawara da zuciyata ba. Ƙafata ce kawai ta ture bulon, na ji ƙofa ta ce ƙyas.

Dokta ta waiwayo ta dube ni ta saman tabarau. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Mai firigo, me ka yi?" Na ce kada ta damu, Baba Hamani na waje, yanzu zan buga ya buɗe. Ban rufe baki ba gurup ya mutu, fitila ta ɗauke, fankar da ke jawo iska daga waje ta yi juyi biyu ta tsaya. Tsohon ya ga ƙofa a rufe, ya ɗauka mun fita, ya yi aikinsa kamar yadda aka ce ya yi.

Na buga, na yi kira, na sa kafaɗa. Bangon nan ƙarfe ne da soso mai kauri, ko lasifikar masallaci da ke kanmu sai can ƙasa-ƙasa muke jin ta kamar daga ƙetaren kogi. Muka duba wayoyinmu, babu rezon kira ko ɗigo. Sai Dokta ta juya za ta rufe robinen tulun, wato kan famfonsa, ya ƙi, ƙanƙara ta kama shi ya daskare a buɗe. Na sa kile, sifanar aikina, na murɗa da ƙarfina duka, hannun robinen ya ɓalle ya biyo ni. Ruwan ya ci gaba da tsiyaya yana feshi, farin hayaƙi na malala a ƙasa ya rufe mana ƙafafu. Wata 'yar na'ura da ke bango mai auna iska ta fara kuka, tit, tit, tit.

A nan na ga jarumtar matar nan. Ta ce, "Saurare ni. Hayaƙin nan mai sanyi ne, ƙasa yake kwanciya. Kada ka zauna, kada ka durƙusa, ko ka ji ƙafarka ta mutu. Hau tebur." Muka hau teburin aiki mu biyu, kanmu na gugar rufi, muka raɓe jikin bango. Ni ina dukan rufi da kile, ita tana ƙirga mini, in na yi goma in huta don kada in cinye iskar. Ina jin liman can nesa yana huɗuba, ga ni da alwalata, zuciyata ba abin da take so kamar in faɗi in yi sujada in roƙi Allah, amma ƙasan nan ita ce mutuwa. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, da kunya kuma, don matar nan tana da 'ya'ya biyu a Yamai, ta nuna mini hotonsu, kuma ƙafata ce za ta mayar da su marayu.

Hasken da ya rage mana na fuskar odinater ne kaɗai. Na'urar ba ta san halin da ake ciki ba, tana ta awonta, layi na sake zana kansa. Ina cikin duka sai na ji Dokta ta daina ƙirga. Na duba, ta ƙura wa layin ido. Ta ce a hankali, "Wannan kwarin ba ya nan ɗazu." Na ce Dokta don Allah bar zancen kwari, ta kanmu muke yi. Ta ce, "Ba ka gane ba. Wannan zanen iskar da mutum ke fitarwa ne in ya yi numfashi. Cikin tukunyar nan babu iska ko kaɗan."

Na kalla, kuma ko jahili irina ya ga abin. Kwarin yana zurfi, ya ciko, ya yi zurfi, ya ciko, a natse, kamar cikin mai barci. Na ce ko namu numfashin ne ke shiga ta wata kafa. Ta nuna mini agogon da ke auna tukunyar, allurarsa ba ta motsa ba, a rufe take gam. Ta ce kuma na'urar ba ta da saurin da za ta zana abu haka, kowane awo sai ya ɗauki minti biyu. Ta ce mu riƙe numfashi mu gani. Muka riƙe. Shi bai riƙe ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da namu numfashin ya fara gajarta muna haki, nasa sai ƙara tsawo yake yana ƙara zurfi.

Ban san minti nawa muka yi ba. Kaina ya fara yi mini daɗi, irin daɗin da ta faɗa, har na ji ina son yin dariya. Kilen ya suɓuce ya faɗa cikin hayaƙi. Dokta ta fi ni gajarta, kuma tana ta sunkuyawa wajen odinater. Na ji ta ce, "Mai firigo, kada ka zauna," sai ta zame ta jingina da ƙirjina, jikinta ya saki. Na riƙe ta ta hammata ina ɗaga kanta sama, ina kiran sunanta, ina salati, harshena ya yi nauyi.

Sai aka yi magana daga bakin ƙofa. Ku tuna lasifika ma da kyar take ratso bangon nan, amma muryar nan tar na ji ta kamar mai ita na tsaye gabana. Ban iya ce muku ta namiji ce ko ta mace ba, ta dai tsufa, kuma Hausarta irin ta mutanen bakin kogi ce da suka koye ta a kasuwa.

Ta yi sannu irin tasu ta ce, "Fofo. Ku nawa na nan ciki?"

Na ce, "Mu biyu ne! Don Allah, don Annabi, buɗe!"

Ta ce, "Sake ƙilga."

Na ce wallahi mu biyu ne, ni da Dokta, tana mutuwa. Har na fid da rai. Sai ta ce, "Ni ukku nika ji. Amma biyu ka ce, to biyu za su hita."

Ƙofa ta ce ƙyas, rana ta faɗo ciki. Na diro da Dokta a hannuna, na ja ta cikin hayaƙin nan, ban waiwaya ba, ban kuma yi tunanin maganar ba, wa ke ta tunani. Muka zube kan yashi mai zafi. Kafin idona ya rufe na ɗaga kai in ga wanda ya cece mu in gode masa. Babu kowa a filin, sai motoci da inuwarsu, ƙofar fili kuma na hango ta a rufe, ana ta kabbara a titi.

Baba Hamani ne ya tsince mu bayan an sallame. Ya rantse mini, ya sake rantsewa, cewa kwaɗonsa na nan yadda ya bar shi, makulli na aljihunsa, kuma ƙofar kontena a rufe ya same ta, mu muna kwance a gabanta. Ni na farfaɗo tun a motar da ta ɗauke mu zuwa gidan likita. Dokta sai da ta kwana biyu a can ba ta san inda take ba.

Rana ta uku aka ce ta buɗe ido, na tafi da gudu da niyyar in durƙusa in nemi gafara. Na same ta zaune a bakin gado, ba tabarau, tana kallon taga, rana na dukan idonta ba ta ko ƙiftawa. Na gaishe ta, ta amsa daidai. Ta san sunan 'ya'yanta, ta san sunan wanta da ya zo daga Yamai, duk abin da likita ya tambaye ta ta ba shi amsa. Amma matar da ba ta iya minti ɗaya shiru, sai a yi awa ba ta ce uffan ba. Ba ta tambayi dutsenta ba, ba ta tambayi awonta ba. Kowa a ɗakin yana sharce zufa, ita goshinta a bushe. Da na miƙa mata ruwa yatsunta suka taɓa nawa, wallahi kamar na ɗauko kifi daga ƙasan firigo. Ta dube ni ta ce, "Nan wurin naku kullum haka yake da zafi?" Ban iya neman gafarar ba, na ce eh, haka yake.

Likita ya ce rashin iska na taɓa ƙwaƙwalwa, mutum kan canza, kuma muryar da na ji ma daga nan take. Ban yi masa musu ba, shi ya yi karatu, kuma ni ma haka nake so ya zama. Wanta ya tafi da ita. Abokan aikinta suka zo suka kashe komai, suka sa wa kontena kwaɗo, bayan kwana goma aka gyara kamiyo ya ɗauke ta. Na koma rumfata ina ta ƙoƙarin mantawa.

Bayan mako guda direban kamiyon ya dawo Gaya. Mutumin Malanbil ne, sabon direba da aka turo bayan an gama gyara, bai san Dokta ba, bai san abin da ya faru ba. Ya bi yana tambaya har aka nuna masa rumfata. Ya zauna, ya ƙi shan ruwan da na ba shi, ya ce, "Kai ne mai firigo?" Na ce ni ne. Ya ce tun da ya bar Gaya yake jin ana dukan kontena daga ciki, a yi goma a huta, a yi goma a huta, ya ɗauka wani ƙarfe ne ya kwance. Da ya tsaya sallar la'asar kafin Doso, mota a kashe, dukan bai tsaya ba. Ya kara kunnensa a bango. Ya ce muryar mace ce, mai Hausar gabas, ba kuka take ba, magana take a natse tana maimaitawa. Na ce me take cewa. Ya ce, "Cewa take, mai firigo, kada ka zauna, riƙe ƙafarka, yanzu za a buɗe muna."

Ya ce bai ƙara tsayawa ba sai Yamai, ya sa aka buɗe a gabansa. Babu kowa a ciki, na'urori a kashe, ciki zafi kamar tanda.

To jama'a, iyakar abin da na sani ke nan. Ban san wa ya buɗe ƙofar ba, kuma har yau ban san wa na jawo na fito da ita ba. Lambar wanta na nan cikin wayata, na canza waya sau huɗu ina kwafe ta, ban taɓa samun ƙarfin zuciyar kira ba. Ina jin tsoron a ce ta rasu, na fi jin tsoron a ce tana nan lafiya a miƙa mata wayar. Har yanzu ina aikina, amma ba na rufe ɗakin sanyin kowa sai na leƙa na yi sallama na jira, masu kifi suna mini dariya suna cewa tsufa ya kama mai firigo.

Shawarata gare ku, in kun ga wanda ya fi ku sanin aikinsa ya tokare ƙofa, ku bar masa bulonsa, ko da abin na ci muku rai. In kuma Allah Ya jarrabe ku da shiga irin wannan ƙunci, aka tambaye ku ku nawa ne, kada ku yi gaggawar faɗin adadi yadda na yi. Ku ambaci kowa da sunansa. Ku sa Dokta Balkisa a addu'a, duk inda take.